Kyauta Ce Ko Shara?

Kowace shekara, da hunturu ya kawo kai Kirsimeti kuma ya gabato, iyalai a Kagoma sukan buɗe akwati su zazzage tufafi. A nan ake ganin abin da aka tara: ankon Zumuntar Mata, ankon biki, ankon jana'iza, wani ma sau ɗaya ya taɓa jiki. Sai a raba kashi biyu. Masu kyau su koma akwati, waɗanda suka koɗe ko suka yage a ɗaure su a kai ikilisiya domin gwauraye da marayu.

Shin wannan kyauta ce, ko shara muka yi muka sa mata sunan baiko?

Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, ya koyar cewa rigar da take ajiye ba a sa ta, hakkin marar riga ce. In haka ne, kashin da ya koma akwati shi ne abin tuhuma. Yohanna Mai Baftisma ma, a Luka 3:11, daga riga ta biyu ya fara lissafi. Mu kuwa ko ta goma ba ta dame mu ba.

Tsohon zane yana da amfaninsa. Mutanen Godogodo da Goska da aka ƙone wa gidaje a 2016 ba su tambayi shekarun zane ba. Amma a wanke shi, a ɗinke inda ya yage, gama mai karɓa yana da mutunci. Kafin a rufe akwatin kuma, uwargida ta ɗaga ankon nan da ya shekara uku a ninke, maigida ya ɗaga babbar rigarsa, su faɗi ranar da za su sake sawa.