Ciwon sukari a ƙasar Arewa: yaya ake tawakkali da cutar da ba ta tafiya?

In aka ɗebi jinin mutum da safe kafin ya karya, aka ga sukarin da ke ciki ya kai giram 1,26 a kowace lita, aka sake awo wata rana aka tarar da haka, to likita ya gama nasa binciken. Wannan ita ce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ɗaya take a asibitin Dogon Dutsi, da na Doso, da na Yamai. Abin da ya rage shi ne nauyin da mutum zai ɗauka ya koma da shi Matankari ko Geceme, kuma wannan babu takardar awon da ke nuna shi.

Yawanci ba a zuwa da wuri. Sai ƙishirwa ta hana barci, fitsari ya yawaita, wando ya fara zamewa daga ƙugu, ko ƙaya ta soki ƙafa a gona gyambon ya ƙi warkewa. Ƙungiyar IDF ta masu yaƙi da ciwon sukari ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da shi a duniya, miliyan 24 a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan ba su san suna da shi ba. Saboda haka wanda aka gaya wa ya fi 'yan'uwansa sa'a, ko da yake ranar da aka gaya masa ba zai yarda da wannan ba.

Tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: "Likita, kwana nawa zan yi ina shan maganin?" Tambaya ce ta mai hankali, domin haka cututtukan da ya sani suke. Zazzaɓin cizon sauro kwana uku ne na ƙwayoyi. Tarin fuka wata shida ne. Karaya, mai ɗori ya ɗaure, a jira, a kwance. Kowace cuta tana da ranar sallama. Sai ga wata an ce babu wannan ranar: za a sha magani bana, a sha baɗi, a canza abinci, a dawo awo, har iyakar rai. Tsoron mutuwa yana cikin damuwar, amma Musulmin Arewa ya daɗe da sanin inda zai ajiye mutuwa a zuciyarsa. Abin da bai shirya masa ba shi ne jinyar da ba ta da ƙarshe.

A nan addini yake shigowa, kuma ta ƙofa biyu masu kishiyantar juna.

Ta farko ita ce ta masu tallar magani da lasifika a kasuwar Juma'a. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin a kan hadisi ingantacce suka ɗora ta, wanda Buhari ya ruwaito, mai nuna cewa duk cutar da Allah ya saukar ya saukar mata da magani. To in haka ne, in ji mai kwalba, likitan da ya ce ba a warkewa ya faɗi abin da iliminsa ya kai ne kawai. Ga sassaƙe, ga habbatus sauda, ga zuma, wata uku an rabu da shi har abada. Wa zai ƙi? Likita ya zo da hukuncin zaman dindindin, wannan kuwa ya zo da ranar sallama, ya kuma haɗa ta da sunan Allah. Sai a ajiye metformin ɗin da likita ya bayar a kan taga, a dawo asibiti bayan wata huɗu da ido ya dushe. Zumar ma, duk da darajar da Suratun Nahli ta ba ta, galibinta sukari ce, kuma jini ba ya bambanta ta da na shago sosai.

Amma hadisin bai yi wa kowane zamani alkawarin sanin kowane magani ba. A wata ruwaya da ke cikin Musnadin Imam Ahmad an ƙara da cewa akwai wanda ya san maganin, akwai wanda bai sani ba. Tarihin ciwon sukari kansa sharhi ne a kan wannan. Kafin 1921, yaron da irin na farko ya kama, wato wanda jikinsa ya daina yin insulin gaba ɗaya, ba ya daɗewa. A waccan shekarar Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta Kanada, a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar, ya tashi ya ƙara shekara 13 a duniya. Ba a raba shi da ciwon ba. Amma mai cewa abin da aka yi masa ba magani ba ne, sai ya gaya wa uwar yaron.

Ƙofa ta biyu ta fi shiru, kuma ta fi shiga rai. Ita ce ta dattijon da 'yarsa ta hana shi sa sukari a koko, ya dube ta ya ce: "Ke yarinya, kwana in ya ƙare ya ƙare, da sukari ko babu." Gaskiya ya faɗa, ba kuma wanda zai yi masa musu a kan ajali. Sai dai an taɓa yin wannan muhawarar tsakanin mutanen da suka fi kowa sanin ƙaddara. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ya kama hanyar Sham, ya sami labarin cutar a Sarg, ya yi shawara, ya juya. Sahabi Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take, kamar yadda tafiyar take.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara maganar a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u. Ya kasa hanyoyin kawar da cuta uku: wadda amfaninta tabbas ne, irin ruwa ga mai ƙishirwa, wadda ake kyautata zaton amfaninta, irin yawancin magungunan zamaninsa, da wadda zato ne kawai. Ta farko, barinta ba tawakkali ba ne, haramun ne ma in ana tsoron halaka. Da Gazali ya ga abin da insulin ke yi wa mai irin na farko, da wuya ya sa ta a wani aji in ba na ruwan nan ba. Kuma ba sai an je Bagadaza ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙe Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir, bai ga hakan ya rage masa komai a wajen Ubangiji ba.

Hadisin ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali kowa ya san shi. Abin da ba a cika lura da shi ba, mai raƙumi kowane dare yake ɗaurewa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan ƙasa. Arewar Arawa da Gubawa, ta Lugu inda Sarauniya ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ƙasa ce da bori ya yi zurfi a cikinta. Adeline Masquelier, mai nazarin al'adu da ta fara aiki a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta yadda masallatai suka yawaita, daga baya wa'azin Izala ya zo, ba tare da tsohuwar tambayar ta ɓace ba: wa ya jawo? Mutumin da ke ci yana ramewa, a idon maƙwabta kamannin wanda aka yi wa sammu ne, ko wanda mayu suka kama. Ba wauta ba ce. Bayani ne da ke ba mutum abokin gaba, kuma samun wanda za a zarga yana rage zafi. Illarsa ita ce yana cinye watannin da ƙoda da jijiyoyin ido ba su da su, yana kuma ɓata zumunci a banza.

Zumuncin nan ne ma wurin da ciwon ya fi cizo. Takardar da likita ke bayarwa tana magana da mutum ɗaya, alhali a Arewa ba a cin abinci mutum ɗaya. Tuwon hatsi daga tukunya guda yake fitowa, hannuwa da yawa a kwano guda. Baƙo in ya sauka fura ake dama masa, mayar da ita kuwa magana ce. Dallol Mawri, kwarin da Arewa take ciki, ƙasar rake ce, yaro ya tashi da shi a hannu. Ga shayi: Masquelier ta yi littafi guda a 2019 a kan fada, inda samari ke kashe yini a gindin buta, zagaye uku, kowanne da sukarinsa. Wanda ya ɗaga hannu ya ce "a wuce ni" bai bar shayi kawai ba, ji yake ya fita daga da'irar. Shi ya sa wasu ke ɓoye ciwon, su sha a gaban mutane, su je gida su kwana da ƙishirwa.

Ga macen aure abin ya ninka. Ita ke girki, amma ba ita ke awon hatsi ba, kuma tukunya ta biyu tana nufin itace na biyu da cefane na biyu. In mai gida ne ya kamu, gida kan juya domin shi. In ita ce, sau da yawa sai ta ci abin da aka samu.

Abin farin ciki, abin da likitoci ke nema bai kai abin da tsoro ke faɗa ba. Ba a hana tuwo ba, an ce a rage malmala a ƙara miya. Wake, zogale, kuɓewa, kuka, yakuwa, gyaɗa, duk na gida ne. Fura da nono ba sukari ta fi lemun kwalba da farin burodi nesa ba kusa ba. Tafiya a ƙasa magani ce, ga wanda babur ya raba da ita. Gidan da ya koma cin haka gaba ɗaya bai yi asarar komai ba, tunda ciwon yana bin jini, kuma 'ya'yan mai shi su ne na gaba a layi. Ana kiransa ciwon masu kuɗi, amma ma'aikatan lafiya a Sahel sun saba ganin sa a jikin siraran manoma, har IDF a taronta na Bangkok a Afrilun 2025 ta amince da wani nau'i da ke da nasaba da yunwar ƙuruciya, ta kira shi na biyar.

Damuwar kanta fa? Wasu masu wa'azi kan ɗauke ta alamar raunin imani, sai mara lafiya ya koma da ciwo biyu, na jiki da na jin kunyar Allah. Abu Zaid al-Balki, wanda ya rasu a 934, bai ga haka ba. A littafinsa kan gyaran jiki da rai ya ɗauki tsoro da baƙin ciki cututtuka ne da ake yi wa magani, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani mai kyau lokacin da yake cikin natsuwa, don ranar da hankali zai tashi. Likitancin yau ya ƙara masa hujja: fargaba tana sa jiki ya saki sinadaran da ke ɗaga sukarin jini. Ke nan wanda ya zauna da mai ciwon ya saurare shi, ko ya raka shi awo, ya taɓa lambar da ke kan takardar.

Duk wannan yana haɗuwa a watan azumi. A 'yan shekarun baya Ramadan ya faɗo ne wajen Maris da Afrilu, lokacin da zafin Dogon Dutsi kan haura 40. Sassaucin da Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya kowane almajiri ya san shi. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan nan sun wuce nan: Muhtasar na Halil ya wajabta shan ruwa ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, Risala kuma ta so tsohon da ya kasa azumi ya ciyar. Duk da haka mutane suna yi. Binciken EPIDIAR da aka gudanar a ƙasashen Musulmi 13 a 2001 ya gano kashi 79 cikin ɗari na masu irin na biyu, wanda ya fi kama manya, da kashi 43 na masu irin na farko, sun azumci aƙalla kwana 15. Ba jahilci ne ya sa su ba. Wanda aka riga aka cire daga kwano da shayi ba ya son a cire shi daga sahur da buɗa-baki.

A 2009, a Sharja, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna da likitoci, suka kasa masu ciwon sukari aji-aji gwargwadon haɗari: akwai wanda azumi ya haramta gare shi, akwai wanda zai iya da kulawa. Jagorar da IDF ta fitar daga baya ta sa iyaka a fili: in sukari ya sauka ƙasa da giram 0,70 ko ya haura 3 a lita, a sha ruwa nan take, kuma soka yatsa don awo ba ya karya azumi. Matsalar ita ce manomi a Sukukutan ko Dumega da wuya ya mallaki na'urar awon, balle tsinkenta da ake saye kullum. Nasa awon shi ne idon iyalinsa. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya fara gumi mai sanyi da la'asar, hannu na rawa, magana na sarƙewa, yana kallon mutane kamar bai san su ba, a ƙasar da ta san hawan iska abu ne mai sauƙi a tafi neman mai ruƙiyya. Abin da yake buƙata a wannan minti shi ne cokali uku na sukari a cikin ruwa in yana iya haɗiya, in kuwa ya suma kada a ɗura masa komai, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa. Limamin da ya faɗi wannan a tafsirin daren farko, da sunan fiƙihu, za a ji shi a gidajen da takardar likita ba ta taɓa shiga ba.