Tafiya biyu da doka ta ɗora wa Bishop

Dokar Ikkilisiyar Katolika, wadda aka sabunta a 1983, ta ɗora wa kowane bishop mai riƙe da dayosis tafiya iri biyu. Ta farko zuwa Rum ce: duk shekara biyar ya rubuta rahoton halin da tumakinsa ke ciki, ya je ya durƙusa a kabarin Bitrus da na Bulus, ya gana da Paparoma. Ta biyu rangadi ne cikin ƙasarsa: kowace shekara ya zaga wani sashe, yadda kafin shekara biyar ta cika ya taka ko'ina, ko da ƙafarsa ko ta bakin wakilinsa idan wani uzuri ya tsare shi. Wa'adin iri ɗaya ne. Na daɗe ina aikin katikis a ƙauye, ina karanta wa jama'a Bishara ranar Lahadin da Fada bai samu zuwa ba, kuma na lura tafiyar farko ce ake ɗauka a hoto a manna a kalanda. Ta biyun ba a cika jin labarinta ba sai in mota ta maƙale a rafi.

Abin da nake so in auna shi ne: wace ce a cikinsu ta fi kusa da abin da muke kira ziyarar ibada? Shin akwai wurin da Allah ya fi kusa da mutum?

Tambayar ta girme mu duka, kuma wani bishop ne ya fara yin ta da kakkausar murya. Gregori, bishop na garin Nisa a ƙasar Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yau, ya je Urushalima wajajen shekara ta 381. Lokacin ba a fi shekara sittin ba da Helena, mahaifiyar Sarki Kostantin, ta kai tata ziyarar, aka soma gina manyan majami'u a Baitalami da wurin kabarin Yesu, mutane kuma suka fara tururuwa. Da ya dawo sai ya rubuta wasiƙa yana ba masu zaman zuhudu shawara su yi zamansu. Hujjarsa ita ce Almasihu bai lissafa zuwa Urushalima cikin ayyukan da ke kai mutum ga Mulkin Sama ba. Ya ce ya gaskata haihuwar Yesu tun kafin ya ga Baitalami, ya gaskata tashinsa tun kafin ya ga kabarin, ganin bai ƙara masa bangaskiya ba, bai rage ba. Har ya yi ƙorafin irin ɓarna da zubar da jini da ya tarar a birnin, yana cewa da tsarkin wuri na shiga mazaunansa da ba haka ba. Wani abin dariya a wasiƙar: shi kansa a keken gwamnati ya yi tafiyar, sarki ne ya ba shi izini. Ashe kujerar gwamnati ba yau ta fara ba.

Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Mu Katolika addininmu na taɓawa ne. Da ruwa ake baftisma, da mai ake shafe goshi, gurasa ake karyawa a kan bagadi. Wanda ya yarda Allah ya zama mutum, ya taka ƙasa, ya sha ruwan rijiya, ba zai ce ƙasar da ya taka daidai take da kowace ba. Mutanen da ke tafiya a ƙasa makonni zuwa Namugongo a Yuganda domin 3 ga Yuni, ranar tunawa da Charles Lwanga da 'yan'uwansa da aka ƙone a 1886, ba wauta suke yi ba. Ƙafa tana koya wa zuciya abin da kunne ya kasa. Wata tsohuwa a Zumuntar Mata ta cocinmu ta samu zuwa Isra'ila da kuɗin da 'ya'yanta suka harhaɗa. Ba ta iya karatu ba. Da ta dawo, abin da ta fi ba da labari shi ne Tekun Galili, wai ashe ana hango tsallakensa, ashe masu kamun kifi ne kamar na bakin dam. Tun daga nan in ana karanta labarin Bitrus da tarunsa sai ka ga ta gyara zama. Wa zai ce ba ta samu kome ba?

Inda Gregori ya yi gaskiya shi ne ziyara ba farilla ba ce a wurinmu. Ga maƙwabtanmu Musulmi Hajji rukuni ne na addini, wajibi ga mai iko, yana da lokacinsa da ƙa'idojinsa, don haka in an kira mutum Alhaji an faɗi abin da ya sauke. Mu ba mu da irin wannan. Amma da yake zama wuri ɗaya yana sa kwaikwayo, sai muka ƙirƙiro JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, muna liƙawa a bayan suna, aka kafa hukumar maniyyata Kirista ta ƙasa a 2007 bayan ta alhazai a 2006, kujera ta zama abin rabo a hannun 'yan siyasa. Na ga wanda ya dawo da kwalbar ruwan Urdun da haruffa biyu, bai kuma ƙara gaida maƙwabcin da suke rigimar iyakar gona da shi ba.

Ikkilisiya kanta ta daɗe da sanin yawancin 'ya'yanta ba za su taɓa hawa jirgi ba. Hanyar Gicciye da muke bi kowace Juma'a cikin azumi, tasha goma sha huɗu a jikin bangon coci, an yaɗa ta ne domin wanda ba zai iya zuwa Urushalima ba. A 2015 Paparoma Francis ya buɗe Ƙofa Mai Tsarki, wadda masu ziyara ke ratsawa a shekarar Jubili, a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya da yaƙi ya ɗaiɗaita, kafin ya buɗe ta Rum. A Jubili na 2025 kuma, kwana biyu bayan buɗe ƙofar majami'ar Bitrus ranar 24 ga Disamba 2024, ya tafi gidan yarin Rebibbia ya buɗe wata. Ƙa'idojin shekarar sun lissafa gaida marar lafiya da ɗan kurkuku da tsohon da ba shi da kowa a matsayin ziyara ga Almasihu da ke cikinsu.

In haka ne, rangadi shi ne babbar ziyarar bishop. Wanda bai taɓa ganin ranar zuwansa ƙauye ba bai san cocin karkara ba. Tun jajibiri mata ke share fili, a yayyafa ruwa don ƙura, a aro bencina daga makarantar firamare. Yaran da na shekara ina koya wa katikizim su jeru da fararen kaya, wasu na aro, hannu ya wuce yatsu. Bayan Misa bishop ya zauna ya buɗe littafin baftisma, ya bi sunaye da yatsa, ya tambayi ina wane, ina wance. A nan ne ake gaya masa, “Ranka ya daɗe, sun tashi, tun harin bara suna gari.” Ya ci tuwon dawa da miyar kuka, a ɗaura masa akuya a bayan mota. Rahoton da zai kai Rum daga wannan littafin ya kamata ya fito. In bai zo ba, alƙaluman ofis zai kai.

Na san abin da ke hana zuwan. Kafin 2023 dayosis ɗin Sakkwato, ƙarƙashin Bishop Matthew Hassan Kukah, ya haɗa Sakkwato da Zamfara da Katsina da wani yanki na Kebbi, ƙasar da mutum ɗaya ba zai iya zagawa yadda ya kamata ba ko da lafiya lau ake. Yanke Katsina da aka yi aka ba Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, ya rage nisa, bai rage 'yan bindiga ba. Michael Nnadi ɗan shekara 18 ne lokacin da aka sace shi daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Kaduna cikin Janairun 2020 aka kashe shi. Fada Isaac Achi an ƙone shi a gidansa a Kafin Koro cikin Janairun 2023. Ba ni da bakin da zan ce wa wani ya shiga dajin da ni ma nake tsoro.

Amma mutanen ƙauyukan da suka watse ba ɓacewa suka yi ba. Suna kangaye a bakin gari, suna raɓe gidajen dangi, ana iya kai musu Misa inda suke. Roƙona ga iyayenmu bishop-bishop shi ne su fitar da jadawalin rangadi a karanta a kowace coci kamar yadda ake sanar da tafiya Rum, har da ranar da za a je wa waɗanda suka gudu. Mu kuma da ake ba kujerar gwamnati, in an miƙo, mu tambaya ko za a iya ba mu kuɗin mu saya wa katikis babur.