Ku Cika Mudu, Ku Ɗaga Kai

Sannunku da aiki, manoman ƙasar Ɗambatta masu bin Almasihu! Sannunku, ku da kuke ɗaura wa shanu garma tun gari bai waye ba. Sannunku, iyayenmu mata, masu sussuka da shiƙa har ƙaiƙayi ya cika ido. Sannunku, samari masu kwana da injin ban ruwa a bakin dam ɗin Tomas cikin sanyin hunturu, don tumatir da albasa su kai kasuwa. Ba ku da yawa a wannan ƙasa, kowa ya sani. Amma kada ku yarda ƙarancinku ya sa ku raina abin da aka damƙa muku.

Littafin Karin Magana, sura 9 aya 10, ya ajiye tsoron Ubangiji a matsayin inda hikima take farawa. Manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa gina rumbu ya san ba a dasa shi a kan ƙasa. Sai an jera duwatsu tukuna, in ba haka ba gara da laima su cinye hatsin shekara ta ƙasa, mai shi yana kallon jinka yana cewa lafiya lau. Ƙarfinka, jarinka, dabararka ta noma, duk a kan duwatsun nan suke zaune. Tsoron da ake nufi shi ne ka san Allah mai tsarki ne, yana ganinka a gona kamar yadda yake ganinka a majami'a, kuma ka ji nauyin ɓata wa wanda ya ba da Ɗansa dominka.

To, ina ake ganin wannan tsoro? Ku zo mu je kasuwar Ɗambatta, layin masu awo.

Akwai tiyar da aka bubbuga gindinta da dutse har ya shige ciki, ta sayarwa ke nan. Ta saye kuwa tana ɓoye a bayan buhu. Akwai buhun da bakinsa gero ne tas, cikinsa tsakuwa da dusa. Wannan algus ɗin ba sabon abu ba ne. Kubawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, annabi Amos kuma ya yi wa masu rage mudu da sayar da ƙaiƙayi kashedi mai zafi. Mai bi, taka tiyar ɗaya ce. Da ita za ka saya, da ita za ka sayar, ko mai sayen makaho ne, ko yarinya ce aka aiko.

Sai maganar wake, wadda ta fi damuna. Don gudun ƙwari, wasu suna zuba fiya-fiya kai tsaye a cikin buhu, su ɗinke, su kai kasuwa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a ciki. Su sun iya rufe ƙofarsu. Mai ƙosai a bakin tasha fa, da yaran da za su karya kumallo da shi, wa zai tsare su? Kai ne, ɗan'uwa, a lokacin da kake tsaye kai kaɗai a ɗakin ajiya da kwalba a hannu. Ga buhu mai ruɓi uku nan da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, ga malaman gona, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a ƙofar gidanmu. Ka tambaya, ka koya. Rashin sani ba zai zama hujja ba ga wanda hanyar sani take kusa da shi.

Gonakinmu a matse suke, wannan na jingine da wancan, gamba ce kawai a tsakani. Kunya ɗaya da garma ta ci a bana, wata baɗi, shi ke nan 'yan'uwa sun kai juna gaban mai unguwa. Karin Magana sura 23 ta ja kunne a kan matsar da iyaka da shiga gonar marayu. Ku bar gamba inda kakanni suka dasa ta. Ɗan ƙwadagon da ya yi muku maimai tun hantsi, ku sallame shi kafin rana ta faɗi. Littafin Firistoci sura 19 bai yarda ladansa ya kwana a hannunku ba, kuma surar nan ce ta ce a bar wa matalauci kala. Da kala Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza. In gwauruwa ta biyo bayan masu roron gyaɗarku, ku kau da kai, ku bar ta ta tsinta.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, taki ya yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin ban ruwa yake cinye ribar, gaskiya kuma ba ta biyan kuɗin makaranta." Wahalar gaskiya ce, kuma ba zan yi muku alkawarin cewa mai cika mudu zai fi kowa kuɗi ba. Wani lokaci zai yi asara yana ji yana gani. Amma ku duba a wurin wa ake ajiye kuɗin adashi, wa dillali yake ba shanu ba takarda, wa ake kira shaida in an yi rikicin gona. Maƙwabtanmu Musulmi, da muke gayya tare, muke ta'aziyya tare, ba su da yabon da ya wuce su ce wane mai tsoron Allah ne. Ranar da suka faɗi haka a kan Kirista, an yi wa'azin da ya fi na lasifika.

Wanda ya ji tsoron Allah kuwa, sauran tsoro sauka yake yi. Shifra da Fu'a ungozoma ne kawai, ma'aikata irinku, amma suka ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai domin Allah suka fi tsoro. Don haka babu binne laya a kusurwar gona, babu zuwa wurin boka in damina ta yi gardama, babu ɓoye suna don a samu shiga. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma cikin iyayen da suka fara bi a karkarar Kano akwai manoma da suka koyi karatu bayan an tashi daga gona, don su karanta da idonsu. Su ba su ji kunya ba. Ku sa 'ya'yanku makaranta, mata da maza, ku koya musu riƙe fartanya da riƙe amana tare.

Kaka na tafe. Kafin ranar kasuwa, kowa ya ɗauko tiyarsa ya duba gindinta. Wanda ɗan ƙwadago ke bi, ya biya yau. Zumuntar Mata, ku tuna wa juna maganar wake. Dattawan ikilisiya, ku fara da kanku, yara na kallo. Ku tashi, 'yan'uwa, Ubangiji ya ƙarfafa hannuwanku, ya sa albarka a damin farko da na ƙarshe.