Akwatin Wasa Ya Zame a Kan Teburi: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

A shekarar 1991 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wasan faɗa mai suna Street Fighter II, matasa suka yi ta tururuwa zuwa gidajen gem suna jefa tsabar kuɗi domin su gwabza. A lokacin babu wanda ke kukan cewa abin sarrafa wasan ya motsa masa, domin sandar da maɓallan suna kafe ne a jikin wani ƙaton akwati mai nauyin kusan kilo 100. Ko mai wasa ya fizgi sandar da dukkan ƙarfinsa, akwatin yana nan daram.

Da wasan ya koma cikin gidaje, sai aka ciro sandar da maɓallan aka ɗora su a kan ƙaramin akwati da za a iya sa wa a jaka. Kamfanoni irin su Hori da Mad Catz suka yi suna a wannan sana'a, yawancin masu tsada kuma da kayan Sanwa Denshi ake haɗa su, irin waɗanda ke cikin injinan Japan. To amma akwatin da bai wuce kilo 2 zuwa 4 ba yana da wata matsala: yana zamewa a kan teburi mai santsi.

Wanda bai taɓa riƙe sandar ba, zai ɗauka ƙaramin abu ne. Waɗannan wasanni suna sauya hoto sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, wasu dabarun kuma 'yan hotuna kaɗan ne tazararsu. Domin Ryu, ɗaya daga cikin jaruman wasan, ya yi naushinsa na tashi sama, dole hannun hagu ya tura sanda gaba, ya saukar da ita ƙasa, ya karkata ƙasa da gaba, hannun dama ya danna maɓalli a daidai lokacin. Idan akwatin ya goce da faɗin yatsa ɗaya, sandar ba za ta kai kusurwar ba, ɗan wasan da ke allo zai tsaya sororo ya sha duka.

Daga nan sai a ji wanda aka cinye yana cewa: "Haka Allah ya ƙaddara, akwatin ne ya zame." Shin wannan magana imani ce, ko mafaka ce ta gudun laifi?

Dalilin zamewar ba ɓoyayye ba ne. Tun a 1699 Bafaranshen masani Guillaume Amontons ya bayyana cewa riƙon da ke tsakanin abubuwa biyu masu gugar juna yana ƙaruwa gwargwadon nauyin da ke danne su. Irin fuskar abubuwan ma yana da tasiri: roba tana kama katako fiye da yadda ƙarfe ko filastik ke kama shi. Saboda haka maganin da 'yan wasa suka sani duk daga nan ya fito. Wani ya shimfiɗa 'yar tabarmar roba irin ta cikin kabad ɗin kwanuka. Wani ya liƙa wa akwatin ƙafafun roba, ko ya ƙara masa farantin ƙarfe a ƙasa. Wani ya damƙe shi da matsewar kafinta. Ƙwararru da yawa kuwa a cinya suke ɗora shi, shi ya sa ake liƙa wa wasu akwatunan soso a gindi. Har goge ƙurar da ta taru a ƙafafun roba yana dawo musu da riƙo.

Abin da ake iya magancewa da ƙyallen roba, bai dace a jingina shi ga ƙaddara ba alhali ba a nemi robar ba. Musulunci bai raba dogaro ga Allah da riƙo da sababi ba. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta, kuma ya dogara. A zamanin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Ibn Taimiyya ya yi wani rarrabewa mai amfani a nan: ana kafa hujja da ƙaddara a kan masifar da ta sami bawa, ba a kan laifin da ya aikata ba. Wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar wasa, wannan ya fi ƙarfin mai wasa. Teburin da ya san yana da santsi tun jiya kuwa, wannan nasa ne.

Sai dai akwai wani kuskuren a ɗaya ɓangaren, wato zaton cewa wanda ya gyara komai dole ya ci. A gasar wasannin faɗa ta Evo ta 2004 a Kalifoniya, Daigo Umehara ya kare kansa daga duka 15 a jere da Justin Wong ya auna masa da jarumar wasa Chun-Li, alhali saura ƙiris a kashe shi, sannan ya mayar da martani ya ci. Kowace karewa tana buƙatar taɓa sanda a daidai ƙiftawar ido. Miliyoyin mutane sun kalli bidiyon, amma ba kowa ke tuna cewa Daigo bai ɗauki kofin ba: wani ɗan ƙasarsu da ake kira KO ya doke shi a wasan ƙarshe. Shiri bai taɓa zama alkawarin nasara ba, kuma a nan ne yarda da ƙaddara take aikinta na gaskiya. Tana hana wanda ya yi iya ƙoƙarinsa cin kansa da "da na sani".

Arslan Ash, matashi daga Lahore ta ƙasar Pakistan, ya haɗa ɓangarorin biyu a idon duniya. A gidajen gem na garinsu ya goge a wasan Tekken, ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jirgi kafin ya isa gasar Evo Japan a 2019, ya kuma cinye ta. A watan Agustan shekarar ya sake lashe Evo a Las Vegas, ya durƙusa ya yi sujada a kan dandamali. Sujadar ta zo ne a bayan shekaru na atisaye.

Ƙaramin lamari irin zamewar akwati yana horar da harshe, domin yaron da ya saba ɗora faɗuwarsa a kan teburi zai girma yana ɗora faɗuwar jarrabawa a kan malami, karyewar jari a kan kasuwa. Iyaye da yayye da ke zaune kusa da masu wasa suna da damar gyara wannan cikin sauƙi. Idan yaro ya ce akwatin ne ya zame, kada a yi masa tsawa, kada kuma a ce masa haka Allah ya so a yi shiru. A tambaye shi me zai sa a ƙarƙashinsa kafin wasa na gaba, a bar shi ya nemo da kansa.