Ka Je da Bakinka

Ɗana, in kana kallon barkwancin ƙasashen waje, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da Trevor Noah ba, ɗan Afirka ta Kudun nan da ya gaji Jon Stewart a shirin The Daily Show na Amurka a 2015, ya riƙe shi har ƙarshen 2022. Mutum ne da Allah Ya hore wa baki. Zai tsaya shi kaɗai a kan dandamali, ba kiɗa ba amshi, ya riƙe dubban mutane da zance har cikinsu ya ƙulle don dariya. To, wannan mai bakin, a zamanin samartakarsa 'yan mata uku sun ratsa rayuwarsa, kuma duk cikinsu babu wadda ya zauna ya san ta. Shi ya tona wa kansa asiri a littafin ƙuruciyarsa, Born a Crime, wanda ya fito a 2016. Don a yi dariya ya ba da labarin, kuma akwai abin dariyar. Ni kuwa na kawo maka shi ne don na ga samari da yawa suna bin sawunsa, ina kuma tsoron kana cikinsu.

Sai ka san inda ya fito kafin ka yi masa hukunci. An haife shi a Johannesburg ranar 20 ga Fabrairu, 1984, mulkin wariyar launin fata yana da sauran ƙarfinsa. Mahaifiyarsa Patricia baƙar fata ce 'yar ƙabilar Xhosa, mahaifinsa Bature ne ɗan ƙasar Suwizalan. Tun 1927 akwai dokar da ta haramta tarayya tsakanin Bature da baƙar fata, hukuncinta ɗaurin da kan kai shekara biyar. Fatar yaron kanta shaida ce a kan iyayensa. In an kai shi gidan kakarsa a Soweto, yara na wasa a layi shi yana kulle a cikin gida, don kada 'yan sanda su gan shi su yi awon gaba da shi. In suna tafe da uwarsa suka hango ɗan sanda, sai ta saki hannunsa ta yi kamar ba nata ba ne. Haka ya tashi ba shi da rukunin da zai ce nasa ne. A cikin baƙaƙe ya yi haske, a cikin Turawa ya yi duhu, su kuma masu ruwa biyun da yake kama da su a ido ba tashinsu ɗaya ba.

Harshe ya zama makaminsa. Ya iya Turanci da Xhosa da Zulu da Tsonga da Afirkans da wasunsu. Wata rana wasu samarin Zulu suka biyo bayansa suna shirya yadda za su yi masa ƙwace, da harshensu, a zatonsu ba ya ji. Ya juyo ya tanka musu da Zulanci tsantsa, yana ba su shawarar su haɗa kai su nemi wanda za su yi wa ƙwacen tare. Suka tsaya sororo, suka fashe da dariya, suka ba shi haƙuri suka wuce. Ka ga yaro mai wayo ke nan. Ya san yadda ake magana a tsira da fata, ya san yadda ake magana a sa mutane dariya. Maganar da ake yi don a san wane ne mutum, ita ce bai koya ba tukuna.

Labarin yarinya ta farko ba shi da tsawo. Yana shekara 12, ranar masoya ta gabato (al'adarsu ce, ba ina tallata maka ita ba), 'yan ajinsu suka ce ai ga yarinyar da ta dace da shi, don kawai launin fatarsu ɗaya. Bai taɓa tunaninta ba kafin nan, amma tun da jama'a sun ce, sai ya ga lallai yana son ta. Ya tara kuɗin tara, ya sayi furanni da 'yar tsana da kati. Ranar ta zo, yana tsaye da kayansa a hannu, ta ce masa wani yaro Bature ya nemi ta zama tasa, ta kuma amince. Ta dubi kayan ta tambaya ko nata ne. Ya miƙa mata.

Yarinyar ba ta da laifin da za a tsaya a kansa, ƙuruciya ce. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya faru a zuciyar yaron. Ya ji zafi, amma can ƙasa ya yarda cewa ta yi daidai, domin wancan ya fi shi kyau da farin jini. Tun daga ranar ya yi wa kansa kuɗi kamar ramammiyar akuya a kara, ya kuma yi shekaru yana yawo da wannan farashin a wuya.

Da ya shiga sakandaren Sandringham abin ya ƙaru. Ƙurajen balaga suka cika masa fuska, ba kuɗin magani, ga suma buzu-buzu, ga kayan makarantar da uwarsa ke sayo masa manya don ya girma a cikinsu. Sai ya nemo wa kansa maɓoya mai daɗi, ya zama mai ba kowa dariya. Yana shiga wannan rukuni ya saki barkwanci ya fita, ya faɗa wancan. 'Yan mata na sakin jiki da shi saboda ba sa ganin yana neman komai, samari kuma ba sa kishinsa. A nan ya kamu da son wata yarinya mai kunya. Suna hira kullum, tana dariyar maganarsa, har ta kai suna waya bayan an tashi makaranta. Shi kuwa sai ya zauna ya tsara shiri na shekara uku: zai ci gaba da zama abokinta, har ranar da za ta waiwayo ta gane cewa shi ne. Aka tafi hutu aka dawo, ba ta dawo ba. Iyayenta sun yi ƙaura zuwa Amurka. Ƙawarta ce ta gaya masa, ta kuma ƙara da cewa ai yarinyar ta daɗe tana son sa, jira kawai take ya furta.

Kada ka yi masa dariya da yawa, don a unguwarku ma akwai irinsa. Shi ne mai ɗaukar mata littattafai, mai saya mata data, mai raka ta rajistar JAMB. Yana ce mata ƙanwata, tana ce masa Yaya, shekara na bin shekara. Rana ɗaya sai ta miƙo masa katin ɗaurin aure, ta ce Yaya kai ne shugaban masu raba abinci. Daga nan ya shiga gari yana cewa mata ba su da amana. Wace amanar ya ba ta? Bai taɓa cewa komai ba.

Na san za ka ce kunya ce, kuma an yabi kunya. Gaskiya ne. Amma ka bincika zuciyarka da kyau, don tsoro yakan ari rigar kunya ya saka. Mai kunya yana sunkuyar da kai a gaban iyayen yarinya, yana tsare harshensa daga batsa, ba ya tare ta a lungu. Matsoraci kuwa gudun kalmar a'a yake yi, shi ya sa yake zaɓar matsayin da ba za a taɓa ce masa a'a ba. In da gaske kake kuma kana da halin aure nan kusa, ka faɗi nufinka cikin ladabi, ka nemi izinin gidansu, in an ƙi ka ka ji zafinka na 'yan makonni ka warke. In kuwa ba ka shirya ba, ka matsa gefe, kada ka tsaya a ƙofar gidan mutane kana kore mata masu nema da sunan yayanta.

Ta ukun ita ce ta fi ban mamaki, a kanta kuma nake so ka nutsu. A shekararsa ta ƙarshe a sakandare, Trevor ya zama ɗan kasuwa, yana kwafar waƙoƙi a faifan CD yana sayarwa, yana da yaran da ke yi masa dillanci. Bikin rawar da ɗaliban can ke yi na kammala makaranta ya matso, ba shi da wadda zai je da ita. Ɗaya daga cikin dillalan nasa, wanda kowa ya san shi da ƙarya da zamba, ya ce zai samo masa yarinyar da ta fi kowace kyau, in ya ƙara masa kamasho. Suka ƙulla. Abin mamaki, ya cika alkawari. Trevor ya ga yarinya ya rasa inda zai sa kansa.

Ya yi makonni yana zuwa gidansu, suna fita tare da ita da 'yan uwanta da dillalin nan. Ya kwashe ajiyarsa ya sayi doguwar baƙar rigar fata. Wani abokinsa ya ja shi shagon gyaran gashi aka sa wa sumar nan mai, aka yi masa kitso, har uwarsa ta riƙa tsokanarsa. Ya roƙi mijin uwarsa, wanda bakanike ne, aron mota ƙirar BMW, ya ce ya ba shi. Daren bikin mutumin ya bugu ya sauya magana, sai tsohuwar Mazda ya samu. Ya je ɗaukarta a makare, ya kuma ɓata hanya, suka yi ta bulayi cikin duhu. Da suka isa, yarinya ta ƙi fitowa daga mota. Ya yi lallashi, ya yi magiya, ba abin da take cewa sai a'a. Samari suka fito suka kewaye motar suna leƙen kyakkyawar da Trevor ya zo da ita, abin ya ƙara tsorata ta. Abokinsa ya ce bari ya gwada. Ya je ya dawo ya ce masa, kai, yarinyar nan fa ba ta jin Turanci.

Ya ce ba zai yiwu ba. Sai ya tsaya ya bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya a ransa, ya tarar bai taɓa yin hira da ita su biyu ba. Harshenta Pedi ne, na mutanen arewacin ƙasar, kuma yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da bai iya ba. Dillalin ya iya, shi ke ta fassara. A ƙasar da harsunan hukuma suka kai 11 a lokacin, an saba da hirar taro inda kowa ke yin nasa, ana tsintar ma'ana daga nan da can, shi ya sa bai lura ba. Shirun da take yi ya ɗauka kunya ce. A bakin motar ya gwada duk harsunan da ke bakinsa, ba wanda ya shiga. Haka ya mai da ita gida bai taka filin rawar da ita ba.

Shi ya ba da labarin, don haka shi muke tausayawa. Amma juya ka dubi yarinyar. An ɗauko ta a makare, an yi ta yawo da ita cikin dare, an kawo ta cikin baƙin da ba ta jin maganarsu, ga ƙarti sun kewaye ta suna nuna ta da yatsa, wanda ya kawo ta kuma bai san ko me take tsoro ba. Duk makonnin nan tunaninsa na kan rigarsa da gashinsa da motar da zai shigo da ita, da yadda abokai za su buɗe baki in sun gan su. Ita ma cikin kayan adon daren ya lissafa ta.

Kai harshenku ɗaya da wadda kake so, amma kada ka ɗauka ka tsira. Na ga saurayin da abokinsa ke tsara masa saƙon da zai tura, ita ma ƙawarta ke tsara mata amsa, sai ka rasa su wane ne ke soyayyar. Na ga wanda ya san duk hotunan da ta ɗora a WhatsApp, bai san ko tana son ci gaba da karatu bayan aure ba. Ya san launin da ya fi yi mata kyau, bai san ko za ta iya zama gidan gandu da mahaifiyarsa ba, bai san yadda take in ranta ya ɓaci ba, bai san me take zaton yana samu a wata ba. In ya je zance shi ke ta zuba, labarin kansa da burinsa, tana wasa da bakin mayafi, ya taso yana cewa tana da tarbiyya. Mai yiwuwa tana da ita. Mai yiwuwa kuma akwai wanda take so, an dai hana ta faɗa. Sai an sha biki an watse gaskiya ta fito, lokacin da gyara ya yi tsada. Ka yi tambaya, ka rufe bakinka, ka bar shirun ya yi tsawo har ta cike shi da kanta.

Sannan ka kula da ɗan aike. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zuwa da kai ya fi aike. Dillalin Trevor kamashonsa yake nema, ba abin da ya dame shi da ko su biyun za su fahimci juna. Naka ɗan aiken ma yana da abin da yake ci, ko kuɗin mota, ko suna, wani lokaci ma yarinyar yake so. Magabata ake turawa neman aure, wannan hurumin manya ne. Sanin halin wadda za ka zauna da ita kuwa ba a wakilta shi.

Trevor ya ce uwarsa ta yi ta koya masa yadda namiji ke girmama mace, yadda ake gaishe ta a dube ta, amma duk darasin na manya ne, ba wanda ya nuna masa yadda yaro ke tunkarar yarinya. Mu namu gidajen sun fi haka shiru. Uba na jin nauyin ɗansa, musamman na fari, ɗa kuma ba ya iya ɗaga ido ya kawo wannan magana, sai ya kwashe ta ya kai wa sa'o'insa a majalisa, waɗanda su ma lalube suke yi. In ba ka iya tunkarar mahaifinka, akwai kawu, akwai gwaggo. In kuma kakarka na raye, fara da ita. Za ta yi maka tsiya tukuna, ta ce wato kishiya za ka yi mata bayan ko zanen sallah ba ka saya mata ba, sannan ta jawo ka kusa ta karanto maka gidan su yarinyar tun daga kakanni.