Haƙƙin Gidan Da Ba A Dawwama Cikinsa

A ƙasar Ingila, idan watan Maris ya tsaya, ɗari ya fara sassautawa, rana kuma ta soma jinkirin faɗuwa, akwai wata hidima da takan tashi a ƙofofin gidaje da filayen ajiya na bayan gari, wadda baƙon da bai san al'adar mutanen ba zai tsaya ya yi ta kallo bai gane kanta ba. Sai ka ga magidanci ya yaye tamfol daga kan wani ɗan ɗaki mai ƙafafun taya, ya jingina tsani, ya ɗauko bokiti da soso yana wanke gansakukar da ta yi kore a kan rufin, uwargida kuwa tana ciki ta buɗe tagogi, tana fitar da katifu su sha iska. Wannan shi ne ɗakin tafi-da-gidanka da suke kira karaban, wanda akan ƙulla a bayan mota a ja shi zuwa bakin teku ko gindin duwatsu don hutawa. Ya kwana a ajiye tun wajen watan Oktoba, yanzu ana shirya shi domin fitar farko, wadda galibi takan dace da bikin Ista.

Al'adar ba ta jiya ba ce. Wani likitan sojan ruwa mai ritaya, mutumin Sikotilan, William Gordon Stables, shi ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki don yawon nishaɗi zalla, ya fita da shi a 1885, dawakai biyu suna ja, daga Twyford har Inverness, da mai tuƙi da bara. A 1907 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiyar Caravan Club, a 1919 kamfanin Eccles na Birmingham ya shiga ƙera wanda mota ke ja, sa'an nan dokar hutu da albashi ta 1938 ta share wa ma'aikaci hanyar ɗanɗana abin da a da masu hali kaɗai suka sani.

Mas'alar da nake so mu duba ita ce: mutumin da ya ba da dukiyarsa da ƙarfinsa wajen gyaran ɗakin da bai fi ya kwana cikinsa 'yan makonni a shekara ba, shin aikinsa lagawu ne, ko kuwa ɗakin yana da wani haƙƙi a kansa wanda gajartar zama ba ta kayar da shi? Mai tsananin zuhudu zai yi saurin yanke hukunci, ya kawo hadisin da Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore shi da ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai ƙetare hanya, sa'an nan mai zuhudun ya ce in har gidan tubali ma bai cancanci a sa shi a zuciya ba, ina ga ɗakin kwano da katako da ake ja a kan titi? Hujjar tana da ƙarfi, ba kuwa zan raina ta ba. Sai dai kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da mai ɗakin yake yi a haƙiƙa, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na saninsa.

Wankin waje shi ne mafi bayyana, shi ne kuma mafi ƙarancin muhimmanci. Babban abokin gaban wannan ɗaki laima ce, wadda takan sami kafa ta wurin da danƙon da aka liƙe taga ko haɗin rufi ya bushe ya tsage, ta shiga tsakanin fatar waje da allon ciki ta zauna shiru wata da watanni, tana cin katako kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Saboda haka mai ɗakin da ya san abin da yake yi ba ya gaskata idonsa. Yakan ɗauko wani ɗan ma'auni mai tsinke biyu, ya bi kusurwa kusurwa, ƙarƙashin taga, bayan kabad, gefen ƙofa, yana dannawa yana karanta lamba. Ya sa hanci ya shinshina ko akwai warin fumfuna, ya danna bango da babban yatsa ya ji ko ya yi laushi. Daga nan sai ruwa. Tun kafin sanyi ya shigo ya riga ya tsiyaye bututun duka ya bar famfuna a buɗe, domin ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa abin da ya tsare shi. Yanzu sai ya rufe su, ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗauraye, ya sake ɗauraya, kafin ya yarda ɗansa ya kurɓa. Ya caja batir, ya duba ko ɓeraye sun gaigayi waya, ya gwada birki, wanda da gangan ba a bar shi a ɗaure tsawon hunturu ba don kada ya cije. Ya duba tiyon gas, ya gwada ƙararrawar da ke faɗakarwa idan iskar nan mai guba ta taru, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba.

Taya kuwa ita ta fi ba ni abin tunani. Tayar irin wannan ɗaki ba ta cika cinyewa ba, tun da tafiyarta kaɗan ce, har ka gan ta da zanenta raɗau kamar yau aka sayo ta, alhali rana da tsayuwa wuri ɗaya ƙarƙashin nauyi sun riga sun kashe robar. Don haka ƙungiyoyin masu wannan sha'awa suke ba da shawara a canja ta in ta shekara biyar, kada kuma a yi amfani da wadda ta wuce bakwai, kome kyawun fuskarta.

To, mu koma ga hujjar mai zuhudu. Baƙuncin da aka hore mu da shi hali ne na zuciya, watau kada ta ɗauki masauki a matsayin mazauni na har abada. Ba a taɓa fahimtarsa da cewa baƙo ya bar masaukinsa ya ruɓe ba, bal ma baƙon kirki ya fi ɗan gida tsantseni da abin da aka ba shi aro. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 80 ta Suratun Nahli, ya lissafa ɗakunan fatun dabbobi masu sauƙin ɗauka ranar tashi da ranar sauka cikin ni'imomin Ubangiji, kafaɗa da kafaɗa da gidajen zama. Ni'ima kuwa, kowace iri ce, godiyarta ta haɗa da kiyaye ta daga tozarta. Wanda ya faɗi hadisin baƙuncin shi ne kuma ya yi hijira a shekarar 622 a kan raƙuman da Sayyidina Abubakar ya tanada tun da wuri, da jagoran da aka yi ijara da shi don sanin hanya, bayan kwana uku a kogon Saur.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya warware wannan ƙulli a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u, inda ya kasa sabubba uku: wanda amfaninsa yankakke ne, da wanda ake rinjayar da zato a kansa, da wanda wahami ne kawai. Barin na farko a wurinsa ba tawakkali ba ne ko kaɗan; na biyu an yi wa wasu keɓaɓɓun bayi rangwamen barinsa bisa sharuɗɗa; na uku kuwa zurfafawa cikinsa shi ke fitar da mutum daga sahun masu tawakkali. Ya kuma nuna cewa mai iyali ba shi da ikon ɗora wa iyalinsa wahalar da shi ya zaɓar wa kansa. In muka auna hidimar watan Maris da wannan ma'auni, sai mu ga ba hukunci ɗaya gare ta ba. Goge jiki har ya yi ƙyalli mubahi ne, in kuwa don maƙwabcin da zai sauka kusa da kai aka yi, ana jin tsoron riya. Tsabtace ruwa da korar laima kiyaye lafiya ne da dukiya, biyu daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa. Amma birki da taya da gas, ni dai ina ganin sun kai matsayin wajibi, domin ran da ke rataye a kansu ba na mai ɗakin ne shi kaɗai ba: akwai yaran da za su kwana ciki, akwai kuma mutumin da ke tafe a baya cikin motarsa, bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda in taya ta fashe ana gudun mil 60, iyakar abin da dokarsu ta yarje wa mai jan ɗaki a babbar hanya, shi za a fara yi wa ta'aziyya.

Akwai kuma inda ɗakin da kansa yake ladabtar da mai shi. Ana shawartar sabon shiga kada nauyin ɗakin da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar, in ba haka ba wutsiya ta riƙa juya kai. Don haka kowace shekara sai an zauna an tace, wannan tukunya ta tafi, waccan kujera ta zauna, a fitar da tarkacen da aka loda bara saboda tsoron buƙatar da ba ta taɓa zuwa ba. Wasu sukan yaba wannan su kira shi ƙana'a. Ban tafi tare da su har can ba, domin wanda ya rage kaya alhali cikakken gida yana jiransa, ya ɗanɗani sauƙi ne, bai ɗanɗani rashi ba. Waɗanda wannan ɗaki ya zame musu gida na gaskiya, watau Romani da sauran matafiyan ƙasar, labarinsu dabam ne: dokar 1968 ta wajabta wa hukumomin gundumomi tanadar musu wuraren sauka, ta 1994 ta ɗage wajabcin, har yau kuwa ana tashinsu daga fili zuwa fili, a ƙasar da ake yi wa mai kwaikwayon yawo maraba da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da wutar lantarki.

Ban rubuta wannan don in kwaɗaitar da kowa sayen ɗakin tafi-da-gidanka ba, tun da ba al'adarmu ba ce, hanyoyinmu ma ba su dace da shi ba. Amma tayar da aka cire a can saboda tsufa, danginta ne muke saye a nan da sunan gwanjo, mu duba zane mu ce da sauranta, mu loda fasinja, mu rubuta addu'a a bayan mota. Ya kai mai karatu, in kana da mota ko kana tuƙa ta wani, ka durƙusa gefen tayarka ka nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen jerin da ya fara da DOT: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Ka karanta su kafin ka ɗauki iyalin mutane.