Tsananin Horo ko Tabbacinsa?

A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a kan gyaran dokar Final Kod ta Jihar Kaduna. Gyaran ya ce duk namijin da kotu ta kama da laifin yi wa yarinya ko yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, a dandaƙe shi sannan a kashe shi. In kuwa wadda aka yi wa ta haura 14, sai dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Mu da muke yini da 'ya'yan mutane a aji, ba za mu ɓoye ba, ranar mun ji sanyi a ranmu. Sai da fushi ya kwanta tukuna tambaya ta taso: shin dokar nan yarinyar ta kare, ko zuciyarmu kawai ta lallasa?

Asalin Final Kod ba cikin fushi aka yi ta ba. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka yi nazari, aka jawo malamai da sarakuna, kana dokar ta fara aiki a 1960. Nan Kongo, bayan ganuwarmu, aka riƙa tara alƙalai ana koya musu ita. Wato mutanen da sun san rubuta doka dabam, samun masu ɗaukarta dabam.

To, mai karatu ya dubi yadda muke zaune a cikin Birnin Zariya. Daga Ƙwarbai zuwa Limancin Kona, da wuya ka zagi mutum ba ka taɓa surukinka ba. Kuma mai irin wannan ta'asa sau da yawa ba baƙo ba ne; kawu ne, ko maƙwabci, ko yaron gida. Uban yarinya ya san in ya taka ofishin 'yan sanda, wataƙila ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya miƙa wa hauni. Nan da nan dattawa za su cika zaure, a ce a rufa asiri, a tuna masa zumunci, a tsorata uwar da cewa 'yarta ba za ta auru ba. Shaidar da jiya ya rantse ya gani, yau sai ya ce ba ya gari. Shi kansa alƙali, in ya san kisa ne a bakin alƙalaminsa, dole ya tsananta neman shubuha, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ashe ke nan ana iya kai horo ƙololuwa, mai laifi kuwa ya ci gaba da zama a dakalin ƙofar gida.

Wani masanin Italiya, Cesare Beccaria, ya yi wannan magana tun 1764: tabbacin horo ya fi tsananinsa hana laifi. Kowane malamin makaranta ya san haka ba tare da ya karanta shi ba. Ɗalibi ba ya tsoron bulala goman da ake ta alkawari, yana tsoron guda ɗayar da ba ta fashi.

Kada a ɗauka sassauci muke nema wa azzalumi. Wanda ya ɓata rayuwar yarinya ya cancanci horo mai zafi, horon wasa kuwa cin fuska ne a gare ta. Abin da muke cewa shi ne, ƙara shekaru a takarda ba ya cin ko kwabo, shi ya sa 'yan majalisa suke son sa. Abin da yake cin kuɗi shi ne likitan da zai duba yarinya a ranar, da mai binciken da ba za a saye shi ba, da shari'ar da za a gama kafin shaidu su gaji. A gidajen yarin ƙasar nan wajen kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi, ba a ce sun yi ba, ba a ce ba su yi ba. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ya ga masu kai wa 'yan'uwansu abinci ya ga ɗan yanki na wannan jira.

Mu marubuta ma muna da namu kason. Littattafanmu sun saba ƙarewa a kotu, alƙali ya yanke wa mugu hukunci a shafin ƙarshe, kowa ya yi kabbara. Zaman zauren nan na bayan sallar isha'i, inda ake roƙon uba ya haƙura yarinya kuwa tana jin su daga tsakar gida, shi ne ba mu cika rubutawa ba.